Sarkin Kasuwa da Mudu: Nazarin Aikin Hukumar Kula da Wutar Lantarki ta Nijeriya

Gabatarwa

Har yau a bakin Bahaushe sunan mai wutar lantarki ɗaya ne, watau Nepa. In fitila ta haska yara su kaure da sowa, wai Nepa ta kawo wuta. In ta mutu manya su yi tsaki, wai Nepa ta ɗauke. Alhali kuwa hukumar da ke da wannan suna an rushe ta tun 2005. Ga mai nazarin harshe wannan ba baƙon abu ba ne, domin sau da yawa kalma takan daɗe a raye bayan abin da aka raɗa wa ita ya shuɗe. Sai dai a nan tsohon sunan yana tattare da illa. Mutumin da ke zaton hukuma guda ce ke samar da wuta, ta ja ta a waya, ta sayar, ta kuma yanka farashi, ba zai san ƙofar da zai kai kukansa ba ranar da aka cuce shi.

Hukumar da doka ta ɗora wa sauraren wannan kuka ita ce wadda ake kira NERC a taƙaice, gidajen rediyo kuma suka fassara ta da Hukumar Kula da Wutar Lantarki ta Nijeriya. Fassarar ba ta da laifi, amma kalmar kula tana da faɗi ƙwarai. Makiyayi yana kula da dabbobinsa, alƙali yana kula da shari'a, kuma kulawar nan biyu ba iri ɗaya ba ce. Saboda haka da yawan masu saurare suna ɗaukar cewa NERC ita ce magajiyar Nepa. Haƙiƙa ba ta da injin samar da wuta ko ɗaya, ba ta da falwaya, ba ta kuma sayar wa kowa wuta. Wannan maƙala za ta duba ainihin aikinta ta hanyar gwada shi da wani muƙami da Hausawa suka daɗe da sani, watau sarautar kasuwa, domin a ga inda suka yi tarayya da kuma inda kwatancin ya gaza.

Sarautar Kasuwa a Ƙasar Hausa

Bahaushe bai taɓa yarda a bar kasuwa ba mai tsawatarwa ba. Kasuwar Kurmi ta Kano, wadda ake danganta kafuwarta da Sarki Muhammadu Rumfa da ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, tana da Sarkin Kasuwa mai raba rumfuna da sasanta rigingimu. Mahauta suna ƙarƙashin Sarkin Pawa, wanda alhakinsa ne ya tabbatar ba a kawo wa jama'a mushe ko naman dabba marar lafiya ba. A wasu garuruwa ma'auna hatsi suna da shugabarsu, Korama. Ga kuma dillalai, masu tsayawa tsakanin mai kaya da mai saye, su ɗauki la'ada, su kuma ɗauki alhakin ingancin abin da aka sayar ta hannunsu.

Baturen nan matafiyi, Hugh Clapperton, ya iso Kano a 1824, tsarin kasuwar kuwa ya ba shi sha'awa. Ya ba da labarin cewa shugaban kasuwar ne ke ba da hayar rumfuna, yana kuma ƙayyade farashi. Abin da ya fi jan hankali a labarinsa shi ne batun riguna da turkudi: akan rubuta sunan dillali a cikin ƙunshin kaya, ta yadda in mai saye ya kai su Barno ya kwance ya tarar da algus, sai ya mayar da su, dillali ya nemo mai kayan, a mayar masa da kuɗinsa. Abubuwa huɗu ke nan suka bayyana a aikin sarautar kasuwa: ba da izinin zama, ƙayyade farashi, tsare awo da inganci, da yanke hukunci tsakanin masu ciniki. Muƙamin kuma yana da nasa haɗari. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a cikin Kitabul Farƙi ya soki al'adar masu mulki ta ɗibar kayan 'yan kasuwa, irin su tawasa da ake karɓa daga mahauta. Wanda aka sa ya tsare kasuwa yana iya zama shi ne mai cin ta.

Yadda Wutar Lantarki ta Zama Kasuwa

An fara kunna wutar lantarki a Ikko a 1896. A 1929 kamfanin NESCO ya soma samar da wuta da ƙarfin ruwa a Kurra, kusa da Jos, musamman domin masu haƙar kuza. An yi dokar kafa hukumar ECN a 1950, aka kafa Hukumar Madatsun Kogin Kwara a 1962, ita ce ta gina madatsar Kainji da aka kammala a 1968. A 1972 gwamnatin soja ta haɗe hukumomin nan biyu suka zama NEPA. Daga nan har shekara 33 gwamnati ita ce mai kaya, ita ce dillali, ita ce ma'auniya, ita ce kuma alƙali. Ba a bukaci Sarkin Kasuwa ba, domin babu kasuwar.

Dokar gyaran harkar lantarki ta 2005, wadda Shugaba Olusegun Obasanjo ya sa wa hannu, ita ce ta sāke wannan tsari. Ta mayar da NEPA kamfanin riƙon ƙwarya mai suna PHCN, sa'an nan aka yayyanka shi gida 18: kamfanoni 6 masu samar da wuta, 1 mai dakon ta a manyan wayoyi, watau TCN, da 11 masu rarraba ta ga jama'a. A ranar 1 ga Nuwamba 2013 aka fara miƙa kamfanonin samarwa da na rarrabawa ga 'yan kasuwa. Gwamnati ta riƙe TCN baki ɗaya, ta kuma riƙe kashi 40 cikin 100 na hannun jarin kamfanonin rarrabawa. Kamfanin Kano ya sami jihohin Kano da Katsina da Jigawa. Na Kaduna ya sami Kaduna da Zamfara da Sakkwato da Kabi. Na Jos ya sami Filato da Bauchi da Gombe da Binuwai. Na Yola kuwa Adamawa da Taraba da Barno da Yobe. Dokar nan ta 2005 ita ce kuma ta haifi NERC, wadda ta fara aiki a watan Oktoba na shekarar, da kwamishinoni 7 da Shugaban Ƙasa ke naɗawa Majalisar Dattawa ta tabbatar. Ba Nijeriya ce ta ƙago dabarar ba. Jihohin Amurka sun fara kafa irin waɗannan hukumomi tun 1907, Ingila ta kafa tata a ƙarƙashin dokar 1989, Gana kuma a 1997.

Dalilin da ya sa wannan kasuwa ta fi kowace bukatar mai tsawatarwa a fili yake. Matar da ta je awon gero, in ta ga mudun wani ma'auni ya lotsa, sai ta matsa gaba. Rumfunan hatsi suna da yawa. Mai gida a Fagge ko Tudun Wada ba shi da wannan dama, domin waya ɗaya ce ta biyo layinsu, kuma ba mai hankalin da zai kafa falwaya ta biyu kusa da ta farko don neman ciniki. Sa'an nan wutar da ke kan manyan wayoyi ba a zuba ta a rumbu. Abin da aka samar a daƙiƙar nan, a daƙiƙar nan ake shan sa, kuma dole injinan Kainji da na Egbin da na Afam su riƙa juyawa da bugu ɗaya, sau 50 a daƙiƙa. In bukata ta rinjayi samarwa bugun ya faɗi, injinan su kashe kansu ɗaya bayan ɗaya, ƙasa ta shiga duhu. Kasuwa mai rumfa ɗaya a kowace unguwa, mai kayan da ba su kwana, ba ta iya daidaita kanta da tayi da albarka.

Izini da Shari'a

Biyu daga cikin ayyukan nan huɗu ba su da wuyar fahimta. Duk mai son ya samar da wutar sayarwa da ta wuce megawat 1, ko ya yi dakon ta, ko ya rarraba, sai da lasisin hukuma, lasisin kuma yana ɗauke da sharuɗɗa. Wanda ya karya su ana iya cin sa tara, ko a sauke shugabanninsa, ko a ƙwace lasisin. A watan Janairu 2024 hukumar ta rushe shugabannin kamfanin rarraba wuta na Kaduna saboda bashin kimanin naira biliyan 110 da kasuwar ke bin sa, ta naɗa mai riƙo.

Ta fuskar shari'a kuwa an shimfiɗa matakai uku. Mai kuka zai fara da sashen sauraren koke na kamfanin da ke ba shi wuta, wanda aka ba kwana 15 na aiki ya warware matsalar. In bai gamsu ba ya tafi ofishin zauren sasantawa da hukumar ta kafa, daga nan kuma ya ɗaukaka ƙara zuwa ga ita hukumar kanta. Ƙa'idojinta sun kuma bayyana cewa sayen taransfoma da falwaya da waya nauyin kamfani ne. Duk da haka ba unguwar da ba ta san karo-karon gyaran taransfoma ba, abin da ke nuna cewa haƙƙin da mai shi bai san da shi ba tamkar babu ne. A nan masu nazarin Hausa suna da abin yi, domin ƙa'idojin nan da Turancin lauyoyi aka rubuta su.

Farashi

Yanka farashi shi ne aikin da ya fi jawo wa hukumar baƙin jini. Tun 2008 take amfani da wani tsari na lissafi mai hangen shekaru da yawa, wanda ake sāke dubawa lokaci-lokaci. Ana haɗa kuɗin samar da wuta, da na dakonta, da na gudanar da kamfanin rarrabawa, da ribar da ta dace da jarin da aka zuba, sa'an nan a raba a kan yawan yunit ɗin da ake sa ran sayarwa. Yunit ɗaya shi ne kilowat ɗaya na tsawon awa ɗaya. Da yake kimanin kashi uku cikin huɗu na wutar ƙasar da iskar gas ake samar da ita, farashin gas kuwa da dala ake lissafa shi, duk ranar da naira ta faɗi sai kuɗin yunit ya tashi tun daga tushe. A tsakiyar 2023 ana canjin dala a kan naira 460 da 'yan kai a farashin gwamnati. A farkon 2024 ta haura 1,400.

Akwai kuma batun asara, wanda shi ne ƙashin bayan gardamar. A ɗauka, alal misali, kamfani ya sayi yunit 100. Wasu za su zube a tsofaffin wayoyi, wasu a sace ta hanyar jona waya ta bayan mita, wasu kuma a sha a ƙi biya. In kuɗin yunit 65 kaɗai ya dawo, wa zai ɗauki nauyin 35 da suka salwanta? In an ɗora wa mai biya, an hukunta mai gaskiya da laifin ɓarawo, kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi ke nan. In an ɗora wa kamfani duka, ya durƙushe. Abin da hukumar ke yi shi ne ta amince da wani kaso na asara a cikin farashi, ta riƙa rage shi shekara-shekara, domin a tilasta wa kamfani gyara. Dabara ce mai ma'ana a takarda. A aikace kuwa asarar kamfanonin ta daɗe tana kai kashi ɗaya cikin uku, wani lokaci fiye, nesa da abin da aka ƙayyade musu.

A 2020 aka raba masu shan wuta rukuni biyar bisa ga awoyin da aka yi musu alkawari a rana: rukunin A awa 20, B awa 16, C awa 12, D awa 8, E kuwa awa 4. A ranar 3 ga Afrilu 2024 aka ɗaga farashin rukunin A daga naira 60 da 'yan kai zuwa 225 a kan kowane yunit, kafin a sauke shi zuwa 206.80 a watan Mayu. Manufar ita ce mai samun wuta sosai ya biya cikakken kuɗinta, tallafi ya tsaya ga sauran. Wannan tsari yana da kyau ta fuska ɗaya, domin ya ɗaure farashi da alkawarin da za a iya ƙirgawa. Amma ana ƙirga awoyin ne a kan babbar wayar da ke ciyar da yanki. In taransfomar unguwa ta ƙone mako guda, lissafin babbar waya zai nuna an cika alkawari, mai walda da mai niƙa kuwa suna zaune ba aiki.

Awo

Duk wannan lissafi na farashi ya dogara ne a kan abu ɗaya, watau sanin yawan abin da mutum ya sha. Mudun wannan kasuwa shi ne mita. A ƙarshen 2024, bisa ga ƙididdigar hukumar kanta, masu shan wuta da aka yi wa rajista sun haura miliyan 13, waɗanda ke da mita kuwa ba su kai rabi ba. Sauran ana yi musu ƙiyasi ne: ma'aikaci ya dubi gida, ko ya dubi abin da unguwa ta sha, ya rubuta kuɗi. Ko a kasuwar ƙauye ba a taɓa jin ma'aunin da ke zuba hatsi a buhu a ɗaka, ya fito ya ce tiya goma ce, a biya.

Illar ta shafi ɓangarorin biyu. Mai gida da aka yi wa ƙiyasi ba ya ganin dalilin kashe fitila da rana, tun da kuɗin ɗaya ne. Ba ya kuma jin kunyar ƙin biya, tun da yana ganin an zalunce shi. Kamfani kuma yana samun hanyar rufe giɓin asararsa da aljihun marasa mita, saboda haka ba ya gaggawar raba mitar. Hukumar ta gwada magunguna da dama. A 2018 ta ba wasu kamfanoni na dabam izinin samar da mita, mai gida ya biya, daga baya kuma ta tanadi a mayar masa da kuɗinsa sannu a hankali ta hanyar yunit. A watan Fabrairu 2020 ta sa iyaka ga abin da za a iya rubuta wa marar mita, gwargwadon abin da maƙwabtansa masu mita ke sha. A shekarar kuma gwamnati ta fara shirin raba mita da rancen Babban Banki. A watan Fabrairu 2024 hukumar ta ci kamfanonin rarrabawa 11 tarar naira biliyan 10.5 saboda ƙetare iyakar ƙiyasi, ta kuma umurce su da su mayar wa jama'a rarar da suka karɓa. Hukuncin ya yi daidai, amma kasancewar dukkan kamfanonin 11 ne suka faɗa cikinsa ya nuna matsalar ta wuce halin mutum ɗaya. Muddin rabin kasuwa ba ta da mudu, Sarkin Kasuwa zai ƙare ne a sasanta rigimar da ba shi da shaidar yanke ta.

Inda Kwatancin ya Gaza

Sarkin Kasuwa na dā yana aiki ne da ƙarfin Sarki, Sarki kuwa ba ya da rumfa a layin ma'auna. A kasuwar lantarki gwamnatin da ke naɗa kwamishinoni ita ce mai TCN, ita ce mai kashi 40 na kamfanonin rarrabawa, ita ce mai kamfanin NBET da aka kafa a 2010 domin sarin wuta daga masu samarwa, ita ce kuma babbar mai shan wuta. A watan Fabrairu 2024 kamfanin rarrabawa na Abuja ya buga sunayen ma'aikatu da hukumomin gwamnati 86 a jaridu, har da Fadar Shugaban Ƙasa, yana bin su kimanin naira biliyan 47. Mai dokar barci ya ɓige da gyangyaɗi.

Tarihin hukumar ya nuna yadda wannan matsayi ke raunana ta. A 2009 gwamnati ta dakatar da kwamishinoninta, ba a naɗa sababbi ba sai ƙarshen 2010. A watan Maris 2015, ana saura kwanaki kaɗan a yi zaɓen shugaban ƙasa, hukumar ta ba da sanarwar rage farashi da kusan rabi ta hanyar cire asarar ƙin biya daga lissafi. Ko da hujjar tana da ƙarfi, lokacin da aka zaɓa ya sa masu zuba jari suka daina sakin jiki da lissafinta. Ƙarin da ta yi a watan Fabrairu 2016 kuwa Babbar Kotun Tarayya da ke Ikko ta soke shi a watan Yuli na shekarar. Sa'an nan sau da yawa hukumar takan lissafa farashin gaskiya, gwamnati ta hana a karɓe shi, ta yi alkawarin cike giɓin. A 2024 kaɗai giɓin ya kusa naira tiriliyan 2. In alkawarin ya yi jinkiri, masu samar da wuta ba su biyan masu gas, masu gas su rage iska, injina su tsaya. Bashi hanji ne, in ji Hausawa, yana cikin kowa. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa ƙasar da injinanta za su iya ba da kimanin megawat 13,000 take fama da 4,000 zuwa 5,000.

Akwai kuma abin da ya fi ƙarfin takardar umurni. A watan Oktoba 2024 aka lalata babbar wayar da ta taso daga Shiroro zuwa Kaduna, wadda ta biyo ta Makurɗi zuwa Jos kuma ta sami matsala, yawancin jihohin Arewa suka yi fiye da mako guda a duhu. Hukumar tana iya kiran zaman bincike, tana iya tilasta wa TCN tanadin hanya ta biyu a cikin tsarin kashe kuɗinsa, amma ba ta da dakarun tsaron daji.

Kasuwa ta Rabu

A watan Maris 2023 aka gyara tsarin mulki aka ba jihohi ikon yin doka a kan samar da wuta da rarraba ta ko da a wuraren da manyan wayoyin ƙasa suka ratsa. A watan Yuni Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a sabuwar Dokar Lantarki ta 2023, wadda ta maye gurbin ta 2005. Yanzu jihar da ta kafa tata hukuma tana iya neman NERC ta miƙa mata kulawar kasuwar cikin gida, ita kuma ta tsaya ga manyan wayoyi da cinikin da ya ƙetare iyakar jiha. Inugu da Ekiti da Ondo ne suka fara a watan Afrilu 2024, Ikko da Neja da Filato da wasu suka biyo baya.

Ba a daɗe ba aka ga inda gizo ke saƙar. A watan Yuli 2025 hukumar jihar Inugu ta sauke farashin rukunin A zuwa naira 160. NERC ta amsa da cewa wutar daga manyan wayoyin ƙasa take zuwa, jiha kuwa ba ta da ikon rage kuɗin samarwa da na dako, sai in za ta cike giɓin daga baitulmalinta. Ga jihohin Arewa maganar ta fi nauyi, domin mafi yawan tashoshin gas a Kudu suke. Dokar kuma ta tanadi cewa jihar da ta karɓi kasuwarta, kamfanin rarrabawa zai kafa mata reshe mai zaman kansa. In Kano da Katsina da Jigawa suka bi wannan hanya, kamfani ɗaya zai koma uku, kowanne da hukumarsa da farashinsa, alhali wayar da ke ciyar da su duka a tashar Kumbotso take sauka.